Ido Ɗaya a Ƙofar Kunne: Tarihin Koyon Duba Kunne daga Ƙurɗuba zuwa Wagini

Gabatarwa

Kalmomi kaɗan ne a harshen Hausa suka ɗauki nauyin da kalmar "ji" ta ɗauka. Da ita ake jin sauti, da ita ake jin zafi da ƙamshi. Wanda ya iya harshe a ce yana jin sa, yaro mai ladabi kuma a ce yana jin magana. Shi ya sa idan kunnen yaro ya samu matsala, halinsa ake fara tuhuma: a ce ba ya ji, ko a ce kunnen ƙashi gare shi. A makarantar allo, inda karatu ke shiga ta kunne kafin ya zauna a zuciya, da kuma ajin firamare mai cunkoso, irin wannan yaro yakan riƙa komawa baya har a fid da rai da shi, alhali abin da ke damunsa yana cikin ramin da tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Da an leƙa da an gani.

Leƙawar kuwa ita ce aikin. Ramin kunne ƙunci gare shi, ga duhu, ga lanƙwasa, kuma ido ɗaya kaɗai yake karɓa a lokaci guda. Mai koyar da ɗorin karaya yana iya tara ɗalibai goma su ga abin da hannunsa ke yi. Malamin kunne kuwa sai ya leƙa, ya janye, ya miƙa wa ɗalibi madubi, sannan ya tambaye shi ko ya gani. Ɗalibi ya amsa da i, malam kuma ba shi da hanyar sanin ko dodon kunne ya gani ko bangon rami. Wannan ƙulli ne masana magani suka shafe kusan shekara dubu suna kwancewa, kuma darussan kwaikwayo da ake bayarwa ta intanet a yau su ne zare na baya-bayan nan da aka ja. Wannan maƙala za ta bi sawun tarihin, sannan ta auna shi da ma'aunin Wagini, wani gari a yankin Batsari da Safana na yammacin Jihar Katsina, domin kowace dabarar duba kunne takan daɗe a birni kafin ta isa ga wanda ya fi buƙatarta.

Abin da Ido ke Nema

Ramin kunnen baligi tsawonsa kamar santimita 2.5 ne. A ƙarshensa dodon kunne yake, wata 'yar fata siririya mai faɗin kusan santimita ɗaya, wadda sauti ke kaɗawa ta miƙa motsin ga wasu ƙananan ƙasusuwa uku da ke bayanta. Lafiyayyen dodo launin toka-toka ne mai sheƙi, ana hangen ɗaya daga ƙasusuwan a jikinsa, haske kuma yana dawowa daga wani sashe nasa na ƙasa. Idan ya yi ja ya kumbura, mugunya ce ta taru a bayansa. Idan ya dushe ya lotsa ciki, sau da yawa ruwa ne ya kwanta. Idan ya huje, kunne yakan riƙa zubar da mugunya wata da watanni.

Yara ne suka fi faɗawa cikin wannan, saboda bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro gajere ne a jikinsu kuma a kwance yake, mura da ƙyanda kan bi ta nan cikin sauƙi. Kunne mai zuba da aka ƙyale yana rage ji, wani lokaci cutar ta ci ƙashin bayan kunne, ta kai ga ƙwaƙwalwa, ta yi kisa. A rahotonta na 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu irin wannan kunne tsakanin mutum miliyan 65 zuwa 330 a duniya. A rahoton 2021 kuma ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na raunin jin yara ana iya kauce masa. Matakin farko na kaucewar shi ne a samu wanda ya iya leƙawa, ya kuma san ma'anar abin da ya gani.

Neman Haske

Tsofaffin likitoci ba su da fitilar da ta fi rana. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe kashi na ƙarshe na littafinsa At-Tasrif ga aikin tiyata, tare da zanen kayan aiki. A ciki ya yi bayanin abubuwan da kan faɗa kunne, kamar tsakuwa da ƙwayar hatsi da ruwa da ƙwaro, ya kuma umarci mai duba da ya fuskantar da kunnen ga rana. A 1363 likitan Faransa Guy de Chauliac, wanda ya yawaita ambaton Zahrawi a nasa littafin, ya bayyana wani ƙarfe na buɗa ramin kunne don haske ya shiga. Duk da haka matsala ɗaya ta ƙi gushewa: da mai duba ya matso da idonsa, sai kansa ya tare hasken.

Wanda ya warware wannan likitan karkara ne. A 1841 Friedrich Hofmann, da ke aiki a wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Burgsteinfurt, ya yi amfani da madubi mai zurfin ciki wanda aka huda tsakiyarsa. Madubin ya tattara haske ya jefa cikin kunne, ido kuma ya leƙa ta hudar, ido da haske suka bi hanya ɗaya. Manyan likitocin zamaninsa ba su kula ba, sai da Anton von Tröltsch ya yaɗa dabarar daga 1855. A 1864 Emil Siegle ya ƙara wata hikima, wato hura 'yar iska cikin ramin don a ga ko dodon kunne yana motsi. Da aka samu batir da ƙaramin ƙwan lantarki a ƙarni na 20, sai madubin kunne ya koma abin sakawa a aljihu.

Samun haske bai warware matsalar koyarwa ba, domin har yanzu ido ɗaya ke gani. Adam Politzer na birnin Biyana a Ostiriya ya gane haka. Da yake ya iya zane, ya riƙa zana dodon kunne da launukansa, lafiyayye da mai ciwo, ya buga kundin zanen a 1865. A 1873 aka buɗe sashen cututtukan kunne a babban asibitin Biyana, shi da Josef Gruber suka jagorance shi, likitoci daga ƙasashe da dama suka riƙa zuwa koyo. Da wannan kundi ɗalibi ya samu damar sanin abin da zai nema tun kafin ya leƙa. Duk hoton dodon kunne da ke allon kwamfuta a yau jikan wancan zane ne.

Kwaikwayo Ya Girmi Kwamfuta

Tunanin a fara gwada hannu a jikin abin da ba ya jin zafi tsoho ne. A 1027 wani likitan fadar Sin, Wang Weiyi, ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla masu ƙananan huduji don koyar da maganin allura na ƙasarsu. A Faransa kuwa, ungozoma Angélique du Coudray ta ɗinka ƙugun mace da jariri da tsumma da fata. Daga 1759, da izinin Sarki Louis na 15, ta shafe kusan shekara 25 tana yawo lardi-lardi da wannan kaya tana koya wa dubban matan ƙauye karɓar haihuwa, da yawansu ba su iya karatu ba. A 1960 Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a Norwe, ya fito da mutum-mutumin koyon hura numfashi ga wanda ya suma. A 1963 Howard Barrows a Amurka ya fara horar da lafiyayyun mutane su kwaikwayi marasa lafiya don ɗalibai su gwada kansu.

Dalilin duk waɗannan ɗaya ne, kuma ya shafi mutunci. Hannun sabon ɗalibi ba ya rasa kuskure, kuma a asibitocin koyarwa talaka ne yawanci kuskuren ke sauka a kansa. Yaro mai ciwon kunne da ɗalibai takwas suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana zungurar bangon ramin, yakan fita da tsoron asibiti, uwarsa kuma ta yi rantsuwar ba za ta dawo ba. Labarin du Coudray yana da wani darasi na daban da za mu koma kansa: ita ta ɗauki kayan koyarwarta ta kai wa matan ƙauye har inda suke.

Ƙasar Hausa: daga Zabira zuwa Asibitin Koyarwa

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da masu magani iri-iri: wanzami da boka da maɗori da ungozoma, ga kuma malamai masu nazarin littattafan ɗibbu na Larabci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi kansa ya yi rubutu a kan ciwon ido da basir. Hanyar koyo a waɗannan sana'o'i ita ce zama kusa da gwani. Ɗan wanzami ya ɗauki zabira shekara da shekaru yana kallo kafin a ba shi aska. Wannan hanya ta yi amfani ga abin da ke fili, kamar ƙaho da kaciya da ɗori. Cikin kunne kuwa babu mai gani, saboda haka maganinsa ya tsaya ga ɗiga mai ko ruwan ganye, da sosawa da gashin kaza ko tsinke, abin da kan ƙara wa hujajjen dodo ciwo.

Likitancin zamani ya shigo Arewa da jinkiri. An buɗe makarantar likita ta Yaba a Legas a 1930, ta Ibadan a 1948. Ɗan Arewa na farko da ya zama likita shi ne Russell Barau Dikko na Wusasa, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila. A karkara kuwa malamin ɗakin shan magani na En'e shi ne likita, shi ne mai allura, shi ne mai wanke miki. A tsakiyar shekarun 1950 aka buɗe makarantar likita a Kano. Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu a Zariya a 1962, tsangayarta ta likitanci ta fara a 1967, kuma cikin asibitocin da ta yi aiki da su har da na Malumfashi, wanda ya zama taga ta ganin cututtukan karkarar Katsina. A Zariya ne Brian Greenwood da abokan aikinsa suka shafe shekarun 1970 suna binciken sanƙarau, cutar da kan bar wasu daga cikin waɗanda suka tsira da kurumta. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, mafi yawansu a Arewa.

Bayan taron Alma-Ata na 1978, musamman a zamanin ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti daga 1985 zuwa 1992, Nijeriya ta ɗora lafiyar karkara a wuyan ma'aikatan lafiya na matakin farko, irin waɗanda makarantun Kankiya da Daura ke yayewa. A 1999 aka kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, mai horar da ƙwararrun likitoci da ma'aikatan jinya. Asibitin tarayya na Katsina, da aka kafa a 1998, ya zama asibitin koyarwa a 2022. Ci gaba ne na haƙiƙa, sai dai ƙwararrun kunne a manyan birane suke, kuma ba su da yawa. Rahoton 2021 da aka ambata ya ce kashi 78 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ƙwararre ɗaya ga kowane mutum miliyan. Ɗalibin likita kuwa 'yan makonni yake yi a sashen kunne da hanci da maƙogwaro cikin shekara shida. Abin da ya gani a makonnin nan ya danganta da waɗanda suka zo asibiti, kuma da shi zai fita duniya.

Allo da Ido Dubu

Kyamarar da ta ƙanƙance har ta shiga ramin kunne ita ce ta kwance tsohon ƙullin. A karon farko malami da ɗalibai suka kalli dodon kunne ɗaya a lokaci ɗaya a kan allo, malam yana nunawa da yatsa. Daga nan aka tara dubban hotuna. A farkon shekarun 2010 wasu likitocin kunne na asibitin yara na Toronto a Kanada suka ƙera OtoSim, kunnen roba mai ƙaramin allo a ƙarshen raminsa, wanda ɗalibi ke leƙawa da madubi na gaskiya, malami yana sauya hoton. Bayan haka aka samu darussan da ba sa buƙatar robar: ɗalibi ya buɗe kwamfuta ko waya, a nuna masa rami, ya karkata madubin kwaikwayo har dodo ya bayyana, ya faɗi abin da ya gani, manhaja ta gaya masa nan take ko ya dace.

Annobar korona ce ta tilasta wa makarantu rungumar wannan hanya, domin duba kunne aiki ne na fuska kusa da fuska. A Nijeriya an rufe makarantu a Maris na 2020, ga yajin aikin ASUU da ya kai Disamba na shekarar, ga wani na wata takwas a 2022. Ɗaliban likita sun yi watanni ba su taɓa majinyaci ba.

Amfanin kwaikwayon a bayyane yake. A yini guda ɗalibi yana iya ganin nau'o'in ciwon da da zai yi shekara bai haɗu da su ba, ya maimaita sau ɗari babu mai kuka, kuskurensa kuma a gyara tun bai zama ɗabi'a ba. Iyakarsa ma a bayyane take. Allo yana horar da ido, hannu kuwa sai da jiki. Babu manhajar da za ta sa ɗalibi ya ji yadda ake jan kunnen baligi sama da baya, na jariri ƙasa da baya, ko yadda ake riƙe madubi kamar alƙalami a jingina ƙaramin yatsa a kunci don kada a soke yaro idan ya zabura. Hotunan koyarwa tsaftatattu ne, kunnen gaskiya kuwa cike yake da dauɗa ko mugunya, mai shi yana kuka a cinyar uwarsa. Saboda haka tsarin wanzami na zama kusa da gwani bai tsufa ba. Kwaikwayo yana sa ɗalibi ya iso gaban gwani da ido a buɗe.

Ma'aunin Wagini

Wagini gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Batsari, ƙasar Sarkin Ruma wadda ta yi suna da rogo, a gefen dajin Rugu da ya miƙa har Safana. Ƙurar hunturu da zafin bazara, lokutan mura da ƙyanda da sanƙarau, suna ratsa yankin kowace shekara. A 2017 ma Katsina tana cikin jihohin da sanƙarau ya fi yi wa ɓarna, tare da Zamfara da Sakkwato. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya ƙaru a kan wannan. Harin Tsauwa da Dankar na Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum kusan 30, ɗaya ne daga cikin masu yawa. Jama'a da dama sun yi gudun hijira zuwa Batsari da Katsina, hanya ta zama abin tsoro, ma'aikaci kuma ba ya son kwana a ƙauye.

A irin wannan wuri, uwar da kunnen ɗanta ke zuba ba ƙwararre za ta fara gani ba, ba ma likita ba. Malamin asibiti za ta gani, ko mai kyamis. Jagoran duba yara da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsara wa irin waɗannan ma'aikata a shekarun 1990 ya dogara ne ga tambaya ko kunne na ciwo, da duba ko mugunya na fita, da ƙirga ko ta kai kwana 14, da taɓa bayan kunne a ji ko akwai kumburi. Jagora ne mai ceton rai, amma an gina shi a kan cewa mai dubawa ba zai leƙa ciki ba. Yaron da ruwa ya kwanta a bayan dodon kunnensa, ba zuba ba zafi, yana iya wucewa ta wannan rariya, ya koma aji a ci gaba da ce masa ba ya ji.

A nan ne darasin du Coudray ya dawo. Idan darasin kwaikwayo ya tsaya ga ɗaliban Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina, ya gyara idon likitan da wataƙila ba zai taɓa taka Wagini ba. Ya kamata a faɗaɗa ma'anar ɗalibi ta haɗa da na Kankiya da Daura, da ma'aikacin da ya riga ya kama aiki. Ya kamata kuma darasin ya zama da Hausa, da hotunan kunnuwan da aka ɗauka a asibitocinmu da yardar masu su.

Tarihin yankin ya ƙara sharaɗi na biyu. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Batsari da Safana, ba a maido ba sai wajen ƙarshen shekarar. Duk darasin da numfashinsa ke rataye da intanet ya mutu a watannin nan. Wanda zai yi wa Wagini amfani shi ne wanda za a sauke sau ɗaya a waya, ya ci gaba da aiki ko babu sabis, a kuma iya tura shi daga waya zuwa waya kamar yadda ake tura wa'azi da waƙa a kasuwa.

Sharaɗi na uku shi ne kayan aiki. Ido mai horo ba shi da amfani in babu madubi a hannu. An riga an ƙera masu sauƙin kuɗi, kamar Arclight da aka samar tare da Jami'ar St Andrews ta Sikotlan, wanda ke caji da hasken rana. Abin lura ne cewa shekara dubu bayan Zahrawi, ranar da ya ce a fuskantar da kunne gare ta ita ce za ta kunna fitilar inda babu lantarki.

Kammalawa

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, wato abin da aka ji daga tarihi ya fi tsawon rayuwar mutum. Abin da tarihin duba kunne ya faɗa shi ne an yi tafiyar a mataki uku. An nemi haske, aka same shi a madubin Hofmann. An nemi yadda ido da yawa za su ga abu ɗaya, aka fara da zanen Politzer aka kai ga allon waya. Mataki na uku shi ne kai ganin inda ciwon yake, kuma shi ne bai kammala ba. Madubin Hofmann ya yi shekara 14 yana jiran wanda zai yaɗa shi, yaron da kunnensa ke zuba a bana kuwa shekarunsa na koyon magana da karatu ba za su jira haka ba. Nauyin yana kan makarantun likita su sa kwaikwayo a gaban aikin asibiti ba tare da sun rage zama da gwani ba, yana kan makarantun ma'aikatan lafiya su koyar da leƙawa, yana kuma kan hukumomin lafiya na jiha su sa madubi a kowane ɗakin shan magani. Ranar da malamin asibiti a Wagini zai leƙa kunnen yaro ya ce wa uwarsa wannan na wankewa ne da ɗigo, wancan kuwa a kai shi Katsina yau, ranar ce za a ce aikin da aka fara a Ƙurɗuba ya iso gida.